Jemage Mai Shan Jini da Ciwon Haukan Kare

Babu ƙauyen da ba a san mahaukacin kare ba. Ran da ya shigo gari, mata su janye yara su rufe ƙyaure, maza su fito da kulake. Amma ba kowa ya san akwai ƙasashen da wannan ciwo ke sauko wa mutane da dabbobinsu ta sama ba, da tsakar dare, babu haushi babu kururuwa. A karkarar Amurka ta Tsakiya da Amurka ta Kudu, tun daga Meksiko har arewacin Ajantina, wani ɗan jemage mai shan jini shi ne kan gaba wajen kai ciwon ga shanu da masu shanun.

Irin wannan jemage babu shi a Nijeriya, babu shi a Afirka duka. To, me ya kawo labarinsa filin manoma? Dalili shi ne, da aka bi diddigin waɗanda suka mutu a can, sai aka ga jemage bai isa ya yi wannan ɓarna shi kaɗai ba. Yanayin zaman karkara ne ya buɗe masa ƙofa: wurin kwana a buɗe, dabbar da ba a yi wa allura ba, asibiti mai nisa, da raina ƙaramin rauni. Waɗannan kuwa duk manomin ƙasar nan ya san su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda Aka Gano Shi

Wajen shekarar 1908 wata annoba ta faɗa wa shanu da dawaki da alfadarai a jihar Santa Katarina, a kudancin Barazil. Dabba sai ta fara tangaɗi, ƙafafunta na baya su mutu, ta kwanta, bayan 'yan kwanaki ta wuce. Dubbai suka halaka. A 1911 wani likita, Antonio Carini, ya duba ƙwaƙwalwar matattun dabbobin, ya ce ai wannan haukan kare ne. Aka yi ta kashe karnuka, annoba ba ta tsaya ba. Manoman wurin kuwa sun daɗe suna cewa suna ganin jemagu da rana tsaka suna cizon shanu, abin da ba halin jemage mai lafiya ba ne. Carini ya ɗauki maganarsu da muhimmanci, ya ɗora zarginsa a kan jemage, amma masana da yawa na lokacin ba su yarda ba.

Tabbacin ya zo ne daga tsibirin Tirinidad. A 1925 shanu suka fara mutuwa a can, aka ɗauka wata guba suke ci a wurin kiwo. A 1929 abin ya kai ga mutane a garin Siparia, aka ɗauka shan inna ce. Babu wanda ya kawo haukan kare a ransa, domin an yi shekaru ba a ga mahaukacin kare a tsibirin ba. Sai a 1931 likitan gwamnati mai binciken ƙwayoyin cuta, Joseph Lennox Pawan, ya ga alamar ciwon a ƙwaƙwalwar jemage, a 1932 kuma ya nuna cewa jemage mai shan jini yana sa wa dabba da mutum. Kafin annobar ta lafa a 1937, mutum fiye da hamsin sun mutu, ban da dubban shanu.

Halin Jemagen

Irin jemagu a duniya ya haura 1,400. A cikinsu uku kaɗai ke shan jini, dukansu kuwa a nahiyar Amurka suke. Biyu sun fi bin tsuntsaye. Na ukun shi ne mai bin shanu da dawaki da aladu da mutane. Ƙarami ne ƙwarai, da kyar ya kai nauyin ƙwan kaza, in ya buɗe fikafikansa ba su cika kamu ɗaya ba. Da rana yana kwana a kogon dutse, ko kogon itace, ko tsohuwar rijiya, ko kangon gida, ko ramin ma'adinai da aka bari. Ya fi fita cikin duhun dare, ba ya son farin wata.

Sau da yawa ba ya faɗa wa dabba daga sama. Yakan sauka kusa da ita, ya rarrafo a ƙasa, ya hau. Hancinsa na jin ɗumin wurin da jini ke gudu kusa da fata. Haƙoransa na gaba kaifi gare su kamar aska, sai ya yanke ɗan wuri kamar ƙwayar dawa, ya yi ta lasa har wajen minti ashirin ko talatin. A cikin yawunsa akwai abin da ke hana jini daskarewa, shi ya sa ake wayi gari a ga jini ya zubo a wuyan saniya, ko kunnenta, ko gindin wutsiya, ko bisa kofato. Mutum kuwa an fi cizonsa a yatsun ƙafa, da diddige, da hanci, da kai, galibi ko farkawa ba ya yi. Abin da jemagen ke sha a dare bai wuce babban cokali ɗaya ko biyu ba. Ba ya iya wuce kwana biyu ko uku bai ci ba, saboda haka in ya sami wurin ci sai ya riƙa komawa kowane dare, sau da yawa ga dabba ɗaya.

Jinin da ya sha ba shi ke kashe saniya ba. Abin da ya bari a cikin raunin shi ne masifar.

Yadda Ciwon Ke Aiki

Ƙwayar haukan kare tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga rauni, ba ta bin jini. Jijiya take bi sannu a hankali har ta kai laka da ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata biyu ko uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. In cizon na fuska ne ko kai, tafiyar takan gajarta. Duk tsawon wannan lokaci mutum lafiyarsa lau, rauni ya warke, ya ma manta.

Da ta kai ƙwaƙwalwa sai a ga zazzaɓi, da ƙaiƙayi ko zugi a inda aka ciza. Wani ya shiga firgita da fisge-fisge, ya kasa haɗiyar ruwa ko da ƙishirwa na cinsa. Wani kuwa gaɓoɓinsa ne za su yi ta mutuwa. Irin na biyun shi aka fi gani a shanun da jemage ya ciza, har manoman Meksiko suka sa masa suna "derriengue", watau mutuwar ƙugu. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi, mutum ko dabba.

Ga abin da ya kamata a riƙe. Tsakanin ranar cizo da ranar da alamu za su fito akwai dama, allura kuma tana tare cutar a hanya in an fara ta da wuri. Louis Pasteur na Faransa ne ya fara nuna haka a kan wani yaro a 1885. Duk abubuwan da za a lissafa a ƙasa, ko dai suna ƙara yawan cizo ne, ko kuwa suna sa a yi asarar wannan dama.

Na Ɗaya: Wurin Kwana a Buɗe

Ƙauyukan bakin kogin Amazon wurare ne masu zafi da gumi. Gidajensu na katako ne da ganyen kaba, wasu babu bango sam, wasu akwai rata tsakanin bango da jinka, taga kuwa babu waya. Mutane da yawa suna kwana cikin raga da ake ɗaurawa tsakanin ginshiƙai biyu, ƙafa a waje. Wannan ga jemage daidai yake da garken da babu shinge. A 1990, cikin wata huɗu, mutum 29 suka mutu daga cikin 636 da ke zaune a wasu ƙauyuka biyu na dajin Peru. A 2004 mutum 21 suka mutu a yankunan Portel da Viseu na jihar Para a Barazil. Gidan sauro da aka cusa gefensa da kyau yana tare jemage, amma in yatsa ko kai ya jingina da shi, ta nan ma yakan ciza.

Na Biyu: Sabo da Cizo

Wannan shi ne mafi muni. Ba kowane jemage ke ɗauke da cutar ba. Cikin ɗari masu yawo lafiya da kyar a sami ɗaya, wanda ya kamu kuwa shi ma mutuwa yake yi. Saboda haka mutum zai iya shan cizo sau goma bai ga kome ba, har ya ɗauki abin kamar cizon kuɗin cizo. A 2010 an tambayi mutanen wasu ƙauyuka biyu na yankin Loreto a Peru, fiye da rabinsu suka ce jemage ya taɓa cizonsu. Wanda ya tashi ya ga haka ga ubansa da kakansa, yaya za a yi ya bar gonarsa ya nufi asibiti don ɗan jinin da ya gani a yatsa? Sabo turken wawa ne. Ran da cutar ta shiga kogon da ke kusa da gari, cizon yau kamanninsa ɗaya da na jiya, amma ƙarshensu daban.

Wani misali ya shafi 'yan cin rani. A watan Yuli na 2010 jemage ya ciji wani saurayi ɗan shekara 19 a diddige yana barci a jihar Michoacan ta Meksiko. Bai je asibiti ba. Ya tafi aikin gonar rake a jihar Luwiziyana ta Amurka, can ciwon ya tashi, ya mutu a watan Agusta. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Na Uku: Yawan Dabbobi da Ɗauke Su Farat Ɗaya

Kafin Turawan Sifen su fara kai shanu da dawaki nahiyar Amurka a 1493, namun daji wannan jemage ke bi, sai ya sha wahala kafin ya ci. Da garkunan shanu suka cika ƙasa, abinci ya zo masa har gida, ya hayayyafa. Inda shanu suka yi yawa, jemagu sun yi yawa. A shekarun 1960 an ƙiyasta shanun da ciwon ke kashewa a nahiyar sun kai ɗaruruwan dubbai kowace shekara.

Amma ga wani abin lura. Muddin dabbobi na nan, jemage ya fi son su da mutum. Hatsari na zuwa ne ran da aka ɗauke su gaba ɗaya, ko an sayar, ko an yi ƙaura da su, ko annoba ta share su. Jemagun da suka saba ci a wurin ba za su haƙura ba, sai su juya kan masu gida. An ga haka a ƙasar Beliz. Da aka karkashe aladun wasu ƙauyuka don tsai da wata cutar aladu, nan da nan cizon mutane ya ƙaru. Don haka ne ma'aikatan lafiya a waɗancan ƙasashe ke sa ido a kan duk garin da dabbobinsa suka ragu ba zato.

Na Huɗu: Sare Daji da Sabon Zama

In aka sare daji don noma, ko katako, ko hanyar mota, ko haƙar zinariya, namun daji sukan gudu, hayaniya da farauta su kore sauran. Jemage ya rasa abincinsa na da. A daidai wannan lokaci ne kuma lebura ke kafa bukkoki marasa bango a tsakiyar dajin, babu saniya ko ɗaya da za ta ɗauke musu cizo. A 1989 mutum fiye da ashirin suka mutu a wuraren haƙar zinariya na yankin Madre de Dios a Peru. Baƙi ne, ba su san halin wurin ba, ba kuma mai barin ramin zinariyarsa saboda ɗan rauni.

Na Biyar: Nisa da Asibiti

Allurar bayan cizo ba sau ɗaya ake yi ba. Akwai tsarin da ake yi a cikin fata ranar farko, da rana ta uku, da ta bakwai. Akwai wanda ake yi a tsoka sau huɗu cikin mako biyu zuwa huɗu. Kuma dole a ajiye maganin cikin sanyi. A wasu ƙauyukan Amazon sai an yi kwana ɗaya ko biyu cikin kwalekwale kafin a kai inda ake da shi. Kuɗin mai, da kuɗin ci, da aikin gona da za a bari, duk suna kan talaka. Wani ya karɓi ta farko, bai koma ba. Ganin haka ne hukumomin Peru suka juya abin a 2011. Maimakon su jira a ciji mutum ya zo, sai suka bi ƙauyukan yankin Amazonas suna yi wa jama'a allura tun kafin cizo. Wanda aka yi wa wannan, in an cije shi har yanzu zai nemi ƙari, amma kaɗan, kuma jikinsa ya riga ya san abokin gaba.

Na Shida: Yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane mutum goma da haukan kare ke kashewa, wajen huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A annobar jemage ma haka aka gani. A 2018 mutum goma suka mutu a Melgaso ta jihar Para, yawancinsu yara. Yaro barcinsa nauyi gare shi, yana juyi har ƙafarsa ta fita daga gidan sauro. Shi ne mai ɗaukar jemagen da ya faɗo ya yi wasa da shi. In an cije shi kuwa sai ya ɓoye, don tsoron duka.

Na Bakwai: Taɓa Dabbar da Ta Kamu

Saniyar da ciwon ya kama takan ware daga garke, ta daina ci, yawu ya yi ta dalala, ta yi ta kuka da wata irin murya, ta yi ta yunƙuri kamar mai son kashi, sa'an nan bayanta ya ƙi ɗaukarta. Mai ita sai ya ce wani abu ne ya maƙale mata a wuya, ya zura hannu cikin bakinta, ko ya kama ya yi mata ɗure. Hannun manomi kuwa ba ya rabuwa da tsaga da kaushi. Wani kuma ya yi sauri ya sa wuƙa kada ta zama mushe, ya sayar wa mahauci da araha. Mai fiɗa da mai fasa kai su ne a bakin hatsari, domin cutar ta fi taruwa a ƙwaƙwalwa da laka da yawu. Wannan gargaɗi bai tsaya ga Amurka ba. Saniyar da mahaukacin kare ya ciza a ƙasar nan alamunta ke nan.

Kashe Jemagu Bai Yi Magani Ba

Abin da kowa zai fara cewa shi ne a hallaka su a huta. An gwada. An ƙona koguna, an fasa wasu da nakiya. Tun daga shekarun 1970 ake kama jemage a shafa masa guba a baya a sake shi, 'yan'uwansa su lashe su mutu. Cizo yakan ragu na ɗan lokaci. Amma binciken da aka yi a Peru aka bayyana a 2012 ya nuna kisan bai rage cutar a cikin jemagu ba. Waɗanda suka tsira sukan watse su shiga wasu koguna, su kai ta inda ba ta. Ƙona kogo kuwa ya fi kashe jemagu masu cin ƙwari da masu cin 'ya'yan itace, waɗanda ba ruwansu. Abin da ya tsare garke shi ne allurar shanu kowace shekara, musamman maruƙa. Kuɗin allurar garke guda bai kai kuɗin saniya ɗaya ba.

To, a Nan Fa?

Jemagun Afirka 'ya'yan itace da ƙwari suke ci, ba su bin mutum ko saniya. Amma suna ɗauke da wasu ƙwayoyi 'yan'uwan ta haukan kare. A 1956 aka fara samun ɗaya daga cikinsu a jikin babban jemagen nan mai launin kara, a tsibirin Ikko, har aka sa mata sunan garin. Wannan jemage shi ne wanda ake gani dubbai rataye a manyan itatuwan cikin gari. Ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba, amma a kudancin Afirka an same ta a kyanwoyi da karnuka da suka mutu da alamun hauka. A 2006 an kama jemagu a wurare bakwai na Arewacin Nijeriya. Cikin ƙwaƙwalwa 350 da aka duba ba a sami cutar ko a ɗaya ba, amma da aka auna jinin 140, kusan ɗaya cikin biyar ya nuna alamar ya taɓa gamuwa da ƙwayar. Watau tana yawo a cikinsu.

Wata 'yar'uwarta, mai suna Duvenhage, ta kashe mutane. A 1970 ƙaramin jemage ya ciji wani mutum a leɓe yana barci a Afirka ta Kudu, ya mutu. A 2006 aka sake samun wani a ƙasar. A 2007 jemage ya yagi wata mata 'yar ƙasar Holan a fuska a Kenya, ita ma ta mutu bayan ta koma gida. Mutum uku ba yawa ba ne, amma dukansu rauninsu ƙanƙane ne, babu kuma wanda aka yi wa allura a kan lokaci. Allurar da ake da ita tana tare Duvenhage. Ta Ikko kuwa ba ta tare ta sosai, saboda haka ga wannan babu kariyar da ta fi barin jemage inda yake.

Waɗanda abin ya fi shafa a nan su ne masu kai hannu ga jemage da kansu: mafarauta, da masu sayar da namansa, da masu nemansa don haɗa magani, da yara masu harbi da danƙo, da mai gyaran rufin ɗaki ko yasar tsohuwar rijiya. A Idanre ta jihar Ondo har biki ake yi, maza su shiga kogo su kamo jemagu, wasu su fito da cizo da yagushi. Sai kuma manomi mai kwasar kashin jemage don taki. Takin na da kyau, haukan kare kuwa ba ya cikin kashin. Abin tsoro shi ne cizo a cikin kogo, da ƙurar wurin wadda kan jawo ciwon huhu. A yayyafa ruwa kafin a kwasa, a ɗaure hanci da baki.

Kada wannan ya sa a tasam ma jemagu da kisa. Su ne ke bin furen ɗorawa da kuka da rimi da dare suna haɗa musu barbara. In babu su, kalwa za ta ragu, daddawa ta yi tsada. Su ke watsa irin itatuwa a daji, ƙananan kuma suna cinye ƙwari masu yawa kowane dare.

Abin da Manomi Zai Yi

Jemagen da aka gani a ƙasa, ko yana shawagi da rana, ko ya kasa tashi, a ɗauke shi mara lafiya ne. Kada a taɓa shi da hannu. A kifa masa ƙwarya ko a kwashe shi da shebur, a hana yara da karnuka da kyanwoyi zuwa wurin. In suna kwana cikin rufin ɗaki, a bari sai sun fita da magariba, sa'an nan a toshe kafar. Kada a toshe lokacin da suke da 'ya'ya a ciki.

Wanda jemage ya ciza ko ya yaga, kome ƙanƙantar wurin, ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa, har minti 15 cur. A sa aidin ko sifirit in akwai. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, kada kuma a ɗaure wurin tam. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, a faɗa wa likita cewa jemage ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa raunin jemage a aji mafi tsanani, wanda ke bukatar allura tare da ruwan garkuwa da ake ɗurawa cikin raunin. In an wayi gari an ga jemage a ɗakin da jariri ya kwana, shi ma a nemi shawarar likita, domin cizon ƙaramin jemage ba kullum ake ganinsa ba. Allurar yanzu a dantse ake yi. Irin ta da, mai yawa a ciki, an daina ta. Wanda ya fara ya cika, ko da rauni ya warke. A kuma gaya wa yara cewa wanda ya faɗi an cije shi ba za a duke shi ba.

Dabbar da ke dalalar da yawu tana tangaɗi, a ware ta, a ɗaure ta nesa da sauran, a kira malamin dabbobi. Kada a zura mata hannu a baki, kada a yanka ta don ci ko sayarwa. Falke da mahauci su guji irin wannan araha.

A ƙarshe a tuna da babban mai laifi. A duniya haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a karkarar Afirka da Asiya, kusan 99 cikin ɗari kuwa ta hanyar kare ne. Abin da ya sa jemage ya zama kan gaba a Amurka ta Kudu shi ne, tun 1983 ƙasashen nahiyar suka haɗa kai suna yi wa karnuka allura kowace shekara, har ciwon da kare ke kawowa ya kusa ƙarewa a yawancinsu. A 2019 aka tabbatar Meksiko ta rabu da shi. Nijeriya ba ta kai nan ba tukuna. In aka yi wa karnuka bakwai cikin goma na gari allura aka dinga maimaitawa, cutar takan rasa hanyar bi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin wannan allura. Mai karen farauta, da mai karen gadi, da makiyayi, kowa ya kai nasa asibitin dabbobi tun yana ɗan wata uku, ya kuma maimaita kowace shekara. Karen da ya ciji mutum a tsare shi kwana goma ana dubansa, amma wanda aka ciza kada ya zauna jiran kwana goman: sabulu da ruwa nan take, asibiti a ranar.